Kiɗan da Ya Cinye Motar Datti

Ekwutosi ce ta fara gaya mini, wadda duk 'yan kasuwar Farin Gada suka sani da Maman Kosiso mai kabeji. Ta shigo gidana bayan azahar, zaninta yana warin ƙonanniyar roba, takalminta ƙafa ɗaya a hannu. Ta zauna a kan turmi ta ce in ba ta ruwa tukuna. Da ta sha ta huta, sai ta ce, "Mama Datti, kar ka tsorata. Yaronka yana nan lafiya, ko gashi bai ƙone ba. Amma motan ya tafi."

Zan kawo ku kan wannan rana. Amma bari in fara da mai laifin, don duk wanda ke da irinsa a gida ya gane shi.

Abdulfatah jikana ne, ɗan ɗana Datti. A ɗakina aka yaye shi, kuma har ya yi gemu bai daina shigowa yana cewa "Ina amaryata?" ba, ni kuma in ce ga ni nan, ina jiran cefanen da ba ya zuwa. Ba ɓarawo ba ne, ba ya shaye-shaye, yana gaida manya har ƙasa. Aibinsa guda ne, amma ya ishi gida: ba ya iya jira, kuma in aka yi masa gargaɗi sai ya ɗauka an tare masa hanya ne. Tun yana ƙarami haka yake. In ina suyar ƙosai sai ya kai hannu kasko, ya ƙone, ya yi kuka, gobe ya sake.

Datti kuwa direba ne. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, da ita ya rene 'ya'yansa duka. Aikinta ɗaukar kayan gwari. Matan Farin Gada su loda kabeji da karas da latas da koren tattasai, shi kuma ya kai musu kasuwannin Taminus da Bukuru da gidajen sayar da abinci. Motar ba ta da kyan gani, ƙofa ɗaya ma sai an ɗaga ta take rufuwa. Amma ba ta taɓa kwana a hanya ba, don Datti yana kula da ita fiye da yadda yake kula da cikinsa. Mu duka a jikinta muke ci.

Sai yanar ido ta kama Datti. Aka ce sai an yi masa aiki, ya shirya tafiya Kano, zai zauna gidan 'yarsa Rahma har ya warke. Ranar tafiya ya kira Abdulfatah a gabana ya ba shi makulli. Ya ce in ya dawo ya tarar da motar yadda ya bar ta, to Abdulfatah zai ci gaba da tuƙa ta, shi kuma ya huta. Ya ƙara da magana ɗaya, da kunnena na ji: "Kada ka ƙara mata komai, kada ka rage mata komai."

Abdulfatah ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Da fari ya yi abin kirki, ban ƙi gaskiya ba. Yana fita da wuri, yana duba mai da ruwa, matan kasuwa suna yabonsa. Har na fara cewa a raina yaron nan ya yi hankali.

To, a bakin kasuwar akwai wani direba sa'ansa, sunansa Mahdi. Mahdi ya sa wa motarsa kiɗa irin wanda tun ba ka ga motar ba kake jin sa a ƙirjinka. In ya tsaya, ɗaliban jami'a sai su tsallake motoci su shiga tasa. Motar Datti kuwa 'yar rediyo ce kawai mai kama labarai. Samarin tasha suka sa mata suna Gidan Makoki, wai shirunta ya yi yawa. Tun da Abdulfatah ya ji wannan suna bai ƙara cin tuwo da daɗi ba. Na ce masa kabeji yake ɗauka, kuma ban taɓa ganin kabeji ya yi rawa ba. Ya ce ai in ya sauke kaya yana ɗauko fasinja a dawowa, kuma fasinjan yanzu kiɗa yake bi. Na ce babansa ya yi shekaru yana ɗauko fasinja da labaran duniya, ba wanda ya sauka.

Bai saurare ni ba. Ya kwashe ɗan abin da ya tara tun yana kwandasta, ya nufi layin Dilimi, shagon Uzochukwu, wanda ake kira Oga Uzo, shi ne ya haɗa wa Mahdi nasa. Ya sayo amfilifaya, wato akwatin ƙarfe mai ƙara wa kiɗa ƙarfi. Ya sayo ƙananan lasifika na ƙofa. Ya kuma sayo wasu manya guda biyu masu faɗin murfin tukunyar biki, waɗanda suke kira wufa, su ne masu dum-dum ɗin nan da ke motsa hanjin mutum.

Uzo da bakinsa ya gaya mini daga baya abin da ya faɗa masa a ranar. Ya ce akwatin baki huɗu gare shi. Baki biyu na lasifikan ƙofa ne, hagu da dama. Sauran biyun haɗa su ake yi su zama ɗaya, su ciyar da wufa guda. Guda, ba biyu ba, don in aka ɗora masa biyu zai riƙa jan wuta fiye da ƙarfinsa. Ya ce wayar da za ta kawo wuta daga batir mai kauri ce kamar yatsa, kuma dole a sa mata fis dab da batir ɗin, domin in wani abu ya samu, fis ɗin ya ƙone wuta ta yanke. Ya ce inda wayar za ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, sai an sa mata zoben roba, kada bakin ƙarfe ya ci ta. Sannan ya ce shagonsa a cike yake da aiki, a kawo motar sati mai zuwa ya haɗa da hannunsa.

Na tambaye shi, to me ya sa ya sayar masa da wufa biyu? Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ni ɗan kasuwa ne. Ya ce zai ajiye ɗaya."

Abdulfatah ya ji sati mai zuwa kamar an ce masa baɗi. Da gari ya waye sai ga shi a ƙofar gida ya buɗe duk ƙofofin motar, ya baza kaya a kan tabarmata. Ina zaune a ƙarƙashin rumfa ina yanka kuɓewa, duk abin da ya yi a idona ya yi. Ya jingina salularsa a kan kujera, wani Bature a bidiyo yana nuna yadda ake yi. In Baturen ya tsaya bayani sai Abdulfatah ya tura shi gaba da yatsa, wai ya cika surutu. Ya nemi hujin da zai zura wayar bai gani ba, sai ya ɗauko babbar ƙusa da guduma ya huda nasa. Zoben robar ya ƙi shiga hujin, ya jefa shi gefe, ya naɗa ɗan salatif a wayar ya tura ta. Wufa kuwa duka biyun ya ɗora, ya ce ba zai sayi abu biyu ya ji muryar ɗaya ba. Akwatin katakon da suke ciki ya ƙi zama a bayan motar, sai ya fito da tayar safaya da jakar sifana da jar tukunyar nan ta kashe gobara, ya jibge mini su a ƙarƙashin rumfa.

Na ce, "Maigida, wannan ba shi ne ragewar da babanka ya hana ba?"

Ya ce, "Amarya, ajiya ce, ba ragewa ba."

"Wancan da ka cusa fa?"

"Shi kuma gyara ne, ba ƙari ba."

Na ce Allah ya shirye shi, na ci gaba da kuɓewata.

Da ya kunna, kwanukan da ke kan kabad ɗina suka kama rawa, kajina suka watse, maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya. Shi kuwa yana tsaye bakinsa har kunne. Gaskiya rabona da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun yana yaro, har zuciyata ta ɗan yi sanyi. Amma sanyin bai hana ni kiran Rahma a yinin nan ba, na ce ta ba ni babanta. Datti ya ji, ya ce a ba shi Abdulfatah, ya umarce shi ya cire komai ya mayar da kayan motar inda suke. Abdulfatah ya ce, "To Baba, gobe." Goben nan ta yi ta zuwa tana wucewa.

A kasuwa an daina kiran motar Gidan Makoki, kuma wannan ya ishe shi. Maman Kosiso ce ke shan wahala. Akwatin wufa ya cinye wurin buhunanta, sai ta riƙa rungume kwando a cinya, ta sauka kanta yana sarawa. Ta ce masa ita ta saba da babansa shi ya sa take haƙuri.

Ba a daɗe ba motar ta fara magana. Wata rana ya faɗa wani rami a Titin Bauchi, kiɗa ya ɗauke ɗif. Ya duba ya ga fis ya ƙone. Ya je wurin Uzo ya sayi wani. Shi ma bai jima ba ya bi ɗan'uwansa. Da ya sake komawa, Uzo ya bar mutane a shago ya fito ya leƙa motar, ya ga wufa biyu, ya ga hujin ƙusa, ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Abokina, fis ba ya mutuwa don wasa. Waya yana taɓa ƙarfe a wani wuri. Ka cire shi daga batir yanzu yanzu, ka bar motan nan, gobe da safe ni zan duba." Abdulfatah ya ce gobe da safe yana da lodi. Ya dawo gida yana gaya mini wai fis ɗin Uzo ragwaye ne, da gangan yake sayar da su don a yi ta komawa.

Nan ne ya yi abin da ya gama da mu. A unguwarmu, in fis ɗin mitar gida ya ƙone, ba mai zuwa sayen sabo. Sai a zare silin jan ƙarfe daga tsohuwar waya a ɗaure wurin, wuta ta dawo, kowa ya ci gaba da harkarsa. Abdulfatah ya tashi yana ganin ana haka, sai ya yi wa motar haka. Bai ma tsaya a sili ɗaya ba, ya ninka ya ninka har ya yi kauri, ya murɗe da filaya. Ya zo yana nuna mini yana cewa yanzu ko dutse ya hau kiɗa ba zai ɗauke ba.

Na ce masa ni ban san wuta ba, amma na yi ɗinki. In zare yana ta tsinke mini, allurar nake dubawa, ba igiyar guga nake nema in zura ba. Ya yi dariya ya ce amarya ta tsufa, ya tsinci gyaɗata ya fita.

Ana nan sai Rahma ta kira ta ce likita ya sallami Datti, zai taso washegari ya iso da la'asar, Abdulfatah ya je tashar Titin Bauchi ya ɗauko shi. Da safen na tare yaron nan a zaure na ce ya cire tarkacensa kafin ya fita. Ya ce, "Yau kaɗai, amarya. In na sauke wa Maman Kosiso zan dawo in kwance komai, Baba ba zai ga ko waya ɗaya ba." Ya ja mota ya tafi, ina jin dum-dum ɗinsa har ya sha kwana.

Sauran kuwa daga bakin Maman Kosiso ne, tana zaune a kan turmina. Ta ce sun loda kaya, ta shiga gaba da kwandonta. Da za su fita kasuwa sai ya hango Mahdi tsaye da samari, ya murɗa kiɗan har ƙarshe, ya bi ta gabansu a hankali don su ji da kyau. Can gaba akwai wani rami da ruwa ya ci, ya faɗa shi. Ba su yi nisa ba ta ji warin roba. Ta gaya masa, ya ce ai masu babbaka ne a bayan kasuwa. Sai ta ga hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, ta wajen ƙafarsa.

Ya tsaya ya kashe mota ya zare makulli. Kiɗa ya mutu, amma hayaƙi bai mutu ba, sai ma ƙaruwa. Daga baya Uzo ya bayyana mini dalili: bakin hujin ƙusa ya gama cin rigar wayar, jan ƙarfenta ya manne da jikin mota. Ita kuma daga batir take kai tsaye, ba ruwanta da makulli. Abin da zai yanke wutar shi ne fis, fis kuwa an ɗaure masa baki. Sai wayar ta yi ja tun daga inji har bayan mota, a ƙarƙashin shimfiɗa da kujeru.

Abdulfatah ya buɗe bonet zai cire kan batir, ya tuna jakar sifana tana ƙarƙashin rumfata. Ya ruga baya neman tukunyar kashe gobara, ya tuna ita ma tana can. Maman Kosiso ta ce ta gan shi yana jan kan batir da hannu yana kuka. 'Yan dako suka taso da ƙasa, masu wankin karas suka kawo ruwa a baho, aka samu aka fizgo wasu buhuna. Mahdin nan da yake gasa da shi, shi ne ya zo da gudu da tasa tukunyar ya fesa har ta ƙare, shi ne kuma ya riƙe Abdulfatah ta ƙugu lokacin da kujeru suka kama. Daga nan sai kallo. Ita kanta a garin gudu takalminta ya tsinke.

Na tambaye ta kayanta fa. Ta ce rabi ya tafi, amma ba wannan ya kawo ta ba. Ta ce, "Kabeji zai fito kuma. Oga Datti nake tunani. Wa zai gaya masa?"

Ba wanda ya gaya masa a tasha. Ya tsaya da jakarsa ya gaji da jira, ya hau keke ya zo gida. Ya shigo da baƙin tabarau, ya gaishe ni, sai idonsa ya sauka a kan taya da jakar sifana da jar tukunya a ƙarƙashin rumfa. Ya daɗe yana kallonsu. Abdulfatah ya fito daga ɗakina inda ya ɓuya, hannuwansa baƙi ƙirin, ya durƙusa.

Datti bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko wani ya ji ciwo, aka ce a'a. Ya yi hamdala. Sannan ya ce, "Kafin ta kama, ba ta nuna maka wata alama ba?"

Abdulfatah ya sunkuyar da kai ya ce fis ya yi ta ƙonewa.

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na ɗaure shi."

Datti ya ajiye jakarsa. Ya ce wa Abdulfatah ya tashi ya kai shi ya ga motar. Abdulfatah ya ce, "Baba, ba abin gani." Datti ya ce, "An gyara mini ido. Ai sai in gani da shi."

Suka tafi, suka dawo kafin magariba. Datti ya shiga ɗaki bai taɓa tuwo ba. Mutumin da ya tafi Kano yana lissafin hutu ya dawo yana tunanin wa zai ba shi mota ya tuƙa da furfurarsa. Matan kasuwa kuwa ba za su bar latas ya yi yaushi suna jiranmu ba, tuni sun fara magana da wasu direbobi. Na zauna ina kallon jikana yana wanke hannu, baƙin ya ƙi fita. Raina yana so in rungume shi, hannuna yana so ya ɗauko muciya.

To, jikokina da jikokin wasu, ga abin da nake so ku riƙe. In an ba ku amanar abu, ku mayar da shi yadda aka ba ku, kada ku canza wa saɓawa suna ku kira ta gyara. In wanda ya san aiki ya ce ku jira, ku jira, jiran sati bai kai zafin rasa abin da gida ke ci da shi ba. Babba a ciki kuwa, duk abin da ke tsayar da ku yana maimaitawa, ko fis ne, ko uba, ko tsohuwa mai yanka kuɓewa, ba maƙiyinku ba ne. Ku tsaya ku nemi dalili. Abdulfatah bai rasa gargaɗi ba, ya samu har ya yi yawa. Ɗaure bakin gargaɗin ya yi, don kada samarin tasha su yi masa dariya.

Ni dai washegari da safe na shiga gidan maƙwabta na aro baro, na turo shi har ƙofar ɗakin Abdulfatah. Na ba shi koko ya sha, na sa mayafina, na ce ya tashi mu je Farin Gada, Maman Kosiso tana da buhunan da za a kwaso mata daga bakin babbar mota. Ya dubi baron ya dube ni ya ce, "Kaka, a gaban su Mahdi?" Na ce a gabansu. Ya kama hannuwan baron, tayar tana ƙiiƙii tun daga zaure, kowa a layi yana waiwayowa. Ya ce in bari ya ɗan sa mata mai. Na ce ya sa, ina jira, ba sauri muke ba.